Ɗakin Kwanon Inna

Har yau in na ji ana yabon wani wai ya gina wa uwarsa ɗakin kwano, sai in tambaya ko an je an duba ta da asubar hunturu. Sai a dube ni kamar wadda ta zautu. To, a yi ta kallo. Ni na ga ɗakin kwano a tsakiyar ɗari, na kuma ga abin da ya yi wa uwar mijina.

Inna muke ce mata mu duka, 'ya'ya da surukai. An kai ni gidanta ina amarya tun muna tsohon garinmu na bakin gulbi a ƙasar Maradun, wanda yanzu ruwan dam ɗin Bakolori ke kwance a kansa. 'Ya'yanta maza biyu ne, Yaya ɗan farinta, sai maigidana. Mahaifinsu ya rasu tun kafin a kawo ni. 'Yar siririyar tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, ba ta da yawan magana, ba ta kuma da wata dukiya a duniya sai kajinta.

A tsohon gari ɗakinta na laka ne da rufin ciyawa, ƙofar sai ka duƙa. Gadonta ma na ƙasa ne, an gina shi da rami a ƙarƙashi. In sanyi ya shigo, da mun sauke tuwon dare sai in kwashe garwashi a kasko in juye a ramin nan, in tura guntun ƙirya ko marke, in kare bakin da fasasshen tulu. Gadon ya ɗauki ɗumi har a kira salla, hayaƙi kuwa ya bi ta ciyawa ya yi tafiyarsa. Kajin da ke kwanci kowace da tsohuwar tukunyarta a gindin gadon. Da safe Inna ta tona rushi ta ciro dankalin da ta binne, ta ɓare mana muna hura yatsu, ɗumamen tuwo yana tafasa a gefe. Ban taɓa ganin sanyi ya kashe mata ɗan tsako ba. Shirwa ce kaɗai abokiyar gabarta, ita ma sun san juna.

Itace kuwa ba abin da ake zancensa ba ne a lokacin. Ka fita bayan gida ga shi. Bayan girbi karan dawa ma har ya gundure mu.

Da aka ce mu tashi ruwa na zuwa, aka loda mu a manyan motoci da tukwane da turame da kaji a kwando, aka zube mu kan wani tudu mai tsakuwa, aka ce ga sabon gari. Itatuwan fadama ruwa ya shanye su. Na filayen da za a yi noman rani kuma katafila ta tuge su, aka tara aka cinna musu wuta. Muna hangen hayaƙin daga inda muke kwana da kwanaki, itacen da zai dafa tuwon gari guda shekara da shekaru. Shekarar ba mu yi noman kirki ba, balle a samu kara. A tsohon gari ni da facalata, matar Yaya, ba mu san hanyar daji ba. Sabon gari ya fitar da mu, muna yawon saran sabara da tsintar kashin shanu inda Fulani suka tashi. Wanda ya taɓa tuƙa tuwo da sabara ya san halinta. Ta tashi fuu ta ƙone maka gira, kafin ka juya muciya ta zama toka, ko garwashi ɗaya ba za ta bar maka ba. Muka koma girki sau ɗaya a yini, a gasa hoce, 'yar gurasar garin dawa, a ajiye na safe.

A nan ne tauraron Yaya ya fito. Ya samu aiki a kamfanin da ke ginin dam. Aikin nasa shi ne ya tsaya da jan ƙyalle yana nuna wa motoci inda za su juye ƙasa, amma in ka ji shi a zaure sai ka rantse shi ya zana dam ɗin. An ba shi wata hular kwano ruwan ɗorawa, da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zuwa suna, na tabbata da liman zai bari da ita zai yi Juma'a. Ya sayi keke da agogo da rediyo. Kowace magana tasa da “Turawan kamfani sun ce” take farawa. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, da mugu ne ma da na fi saurin yafe masa. Wawa ne mai son a gani.

Da farkon zuwanmu an yi wa Inna 'yar bukka ta ciyawa, tana ciki lafiya lau da kajinta. Sai Yaya ya ce ba zai yiwu a ce uwar ma'aikacin kamfani tana kwana a bukka ba. Ya gina mata ɗaki da bulon siminti, aka yi daɓen siminti sumul, aka buga kwano sabo mai ƙyalli, aka sa taga ta ƙarfe. Ya sayo gadon ƙarfe mai rumfa a Mafara da katifar soso, ko ledar da ta zo a ciki bai bari a cire ba don kada ta yi datti. Aka shigar da ita da kaka, ana zafi. Dangi suka yi ta zuwa kallo, daga Morai, daga Garbadu, har da wata gwaggo da ta taso tun daga Bakura don kawai ta ɗaga kai ta ga kwano. Kowa ya shiga sai ya ce Inna ta haihu. Yaya yana tsaye a waje da hularsa yana karɓar addu'a. Ya kafa doka biyu ta bakin matarsa. Ba a hura wuta a ɗakin, hayaƙi zai ɓata kwano, zafi zai fasa siminti. Kaza kuma ba ta shiga, za ta yi kashi.

Dole ta bakin matarsa, domin shi da Inna ba sa magana. Ba faɗa suka yi ba. A wurinmu uwa tana kunyar ɗan farinta, ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa a ido, ba ta zama inda yake zaune. Kakarsa ce ta raine shi. In ya zo gaisuwa da safe sai ya durƙusa daga bayan ƙofa ya jero gaisuwarsa, ita kuma ta juya wa ƙofar baya ta amsa ƙasa-ƙasa, wani lokaci ma ni ke amsa mata. In za ta ambace shi sai ta ce “wancan”. Kowace uwa tana yi, amma Inna ta riƙe tata fiye da kowa, har ana misali da ita a gari, ana cewa ga mace mai kunya. Ni ma da ina cikin masu yabon.

Sai ɗari ya sauko. A tsohon gari muna cikin kwari, itatuwa sun kare mu. Nan kuwa tudu ne fetal, iska ta taso daga kan ruwan nan mai faɗi ba abin da ke tare ta sai mu. Ni ke kai wa Inna ruwan alwala da asuba. In na taka daɓen nan sai in ji sanyi ya harbo har cikin haƙorana. Kwanon yana zufa yana ɗigo a kan gado. In tarar da ita a dunƙule a ƙarshen katifa, gwiwa a ƙirji, ta lulluɓa da duk zanen da ta mallaka, ledar nan tana ƙara duk motsin da ta yi. Sai na daɗe ina murza mata ƙafafu kafin ta iya sauke su ƙasa. Na ce mu gina mata gadon ƙasa a kusurwa, ta girgiza kai, wancan ya hana. Ko bai hana ba ma, lakar da ake yi da ita tana ƙarƙashin ruwa, ƙasar tudun nan in ka kwaɓa sai ta wargaje.

Ran nan na tambaye ta kai tsaye ko ɗakin yana cutar da ita.

Ta ce, “Ɗakin ga na da kyau, ɗiyata. Ƙashina na ya tsuhwa.”

Na fahimta. Na samu maigidana na ce masa sanyi zai kashe Inna, ya je ya faɗa wa Yaya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne a ɗaki, amma da ya tsaya gaban yayansa sai harshensa ya zama ruwa. Ina laɓe a bayan zana ina ji. Ya gaishe shi, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi keke. Sannan ya ce Inna tana ta godiya da ɗaki, sai dai sanyin bana ya yi yawa ko'ina. Yaya ya ce ƙwarai kuwa, Turawan kamfani ma rigar sanyi suke sawa. Shi ke nan fa saƙon ya isa. Ranar Talata ya dawo daga kasuwar Mafara da wani bargo mai hoton damisa, shara-shara, in ka ɗaga kana hangen rana ta ciki. Shi ma maƙwabta suka shigo kallonsa.

Kajin Inna kuwa an kore su waje, suna kwana ƙarƙashin wani yagaggen kwando a jikin katanga. Kazar da ta ƙyanƙyashe a watan, kowace safiya sai in ɗauke ɗan tsako ɗaya ko biyu a sandare. Inna ba ta tambaya nawa suka rage. Takan dai leƙo daga ƙofa ta duba, ta koma ciki.

Ana haka, wata ranar da yamma Yaya ya shigo da kwali mai huji-huji a bayan keke, ana ta tsiyo-tsiyo a ciki. 'Yan tsakin Turawa ne, farare, wani malamin gona a Mafara ya haɗa shi da su. Wai in sun girma kowace za ta yi uku ɗin kazar Hausa. Ya tara mu a tsakar gida, ni da facalata da maigidana, yana karanta mana yadda ake kiwonsu kamar a cikinsu aka haife shi. Ba sa cin tsaki, abincinsu a buhu yake zuwa. Ba sa yawo. Sai an kunna musu fitila, sai an hura musu wuta dare da rana har su yi gashi. Ya ɗaga yatsa, ya ce da bakinsa, ina ji, Allah yana ji:

“Malamin gona ya ce kada a kuskura a sa su ɗakin kwano. Sanyi na kashe su.”

Ƙofar Inna tana buɗe a bayansa, tana zaune a bakin gado cikin bargon damisa. Na dubi facalata, ta dubi ƙasa. Na dubi maigidana, ya shiga gyaran hula. Na jira in ga ko maganar za ta dawo ta doki mai ita. Ina! Ta fita ta baki, ba ta bi ta kai ba. An faɗa masa sanyin kaza ya riƙe, don mai wando da biro ne ya faɗa. Ba wani mai biro da ya ce masa tsohuwa ma tana jin sanyi.

Tsohuwar bukkar Inna aka share aka zuba su, don ita ce mai ɗumi. Ya sayo buhun gawayi guda, irin na maƙera, abin da ba mu taɓa gani an sayo don tuwonmu ba. Buhun yana ɗakinsa, shi ke auno na yini ya miƙa wa matarsa. Muna hawaye a kan sabara a madafi, ga kasko can yana ja jawur a gaban 'yan tsaki.

Inna ce ta samo dabara, kuma har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Ta kira facalata ta ce a gaya wa wancan, 'yan tsakin nan suna buƙatar mai tsaro, kada wuta ta mutu, kada gafiya ko muzuru su shiga. Ita tsohuwa ce, barci ya riga ya ƙaurace mata, a bar ta ta riƙa kwana wurinsu. Yaya ya yi murna kamar an naɗa shi hakimi. Ya je majalisa yana ba da labari, wai ga Inna ma da tsufanta ta gane ci gaba, ta bar gadon ƙarfe don ta kula da kajin zamani. Masu sauraro suka yi ta gyaɗa kai. Tsofaffin banza, kowanensu ya san abin da ke kai tsohuwa gindin kasko, amma rediyon Yaya suke zuwa saurare, wa zai ɓata masa rai.

Ta kwashi tabarmarta ta koma bukka. Makonnin nan su ne mafi daɗi da na gani a sabon gari. Tarin da ta fara ya lafa. Ta samu 'yar tukunya tana ɗorawa a gefen kasko, ta dama kunun tsamiya, ta gasa gyaɗa a toka. Ta sato kazarta wake-wake da sauran 'ya'yanta ta ɓoye a bayan wani tulu. In na gama aiki sai in shige can in miƙe ƙafa, wurin yana warin kashin kaji da ɗumi, ina jin kamar mun koma gida. Ta raina fararen nan ƙwarai. Takan ce ba su san uwa ba, ba su san tono ba, in ka ajiye musu gara ma tsoronta za su ji. Amma ba ta taɓa barin ruwansu ya ƙare ba.

Abin da muke tsoro ni da ita, ba mu faɗa ba sai da ya fara fitowa. Gashi. Kowace safiya takan ɗauki ɗaya ta buɗe fiffikensa ta duba. Fukafukai suka fara tsirowa, sai wutsiya, sai ƙirji. Ta ce 'yan banzan nan saurin girma gare su. Na ce mata mu rage musu abinci mana, ko sa daɗe tsirara har sanyi ya wuce. Ta harare ni ta ce amana ce aka ba ta. A raina na ce amanar da za ta kai ki ina.

Suka gama gashi daidai lokacin da sanyi ya kai maƙura, lokacin da ruwan randa ke yanka hannu, leɓe ke tsagewa. Malamin gona ya ce yanzu ba sa buƙatar wuta, iska suke so. Yaya ya kafa musu keji na waya a tsakar gida, ya cika bukkar da buhunan abincinsu, ya garƙame da kwaɗo saboda awaki. Sauran gawayin ya ɗaure bakin buhu, na 'yan tsakin da za a kawo gaba ne. Ya aiko matarsa da godiya mai tsawo. Wai ya ji kunya ƙwarai da Inna ta sha wahalar tabarma saboda kajinsa, yanzu sai ta koma ɗakinta ta huta. Inna ta ce a ce masa Allah ya yi albarka. Ta naɗe tabarma da hannunta.

Na ce ta dawo madafi ta riƙa kwana, ko ba komai akwai ɗumin toka. Ta ce in rufa mata asiri. Bukka da dalilin kaji, wannan kowa zai ɗauka. Amma a ce uwar wancan tana kwana a madafi ga ɗakin da ya gina mata, da wane ido zai shiga gari.

Ni dai ba a raine ni da haƙurin Inna ba. Matar ƙane ba ta tsayawa gaban wan miji ta faɗa masa magana, na sani, don haka na jira ranar da ba ya aiki, yana tsugune a tsakar gida yana goge kekensa. Na fito da dusa na kira kazar Inna wake-wake, na ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

“Ci, baiwar Allah. Ke da mai ke duk ɗaya ku ke. Gidan ga ɗan tsakon Bature aka hura ma wuta, tsohuwa ko ta daskare.”

Tsumman ya tsaya a hannunsa. Na ce alhamdu lillahi, ta shiga. Ashe zagin ne ya shiga, saƙon yana waje. Ya kira maigidana zaure ya wanke shi tas. Wai ni ba ni da kunya, baƙin ciki nake yi da ɗakin don mu ba mu iya gina ko akurki ba. In da Inna tana jin sanyi ai da ta aiko. Don ya kunyata ni, ya tura matarsa a gaban wasu baƙi mata ta tambayi Inna, wai ɗakin da ɗanta ya gina mata yana da wani aibu ne. Ku ji tambaya don Allah. Wace uwa ce za ta amsa wannan a gaban mutane? Inna ta sunkuyar da kai ta ce a ce masa ɗaki lafiya lau. Da baƙin suka tafi ta kira ni ta yi mini faɗa, faɗan da ba ta taɓa yi mini ba, kada in ƙara tona masa asiri. Na fito ina huci. Na ji haushin Yaya, na ji haushin maigidana, ranar har ita na ji haushi. Ta zaɓi ta daskare da mutuncin ɗan da ko ido ba ta taɓa haɗawa da shi ba, gari kuma yana ta yaba mata.

Tarin ya dawo, wannan karon daga can ƙasan ƙirji. Sai zazzaɓi. Wata asuba na kai ruwan alwala na tarar ba ta iya tashi, numfashinta yana ƙara, hannunta kamar ƙarfen gadon. Yaya ya riga ya fita, motar kamfani tana kwasarsu tun da duhu. Na kira facalata. Ba mu yi shawara da kowa ba, ita ma Inna ba mu tambaye ta ba, muka ɗauke ta, ba ta fi damin kara nauyi ba, muka kai ta madafi. Muka rufe zanan da buhuna. Itace babu, sai 'yar sabarar da ba za ta tafasa ruwa ba. Akwai tsohon turminmu na ƙirya da ya tsage a mota ranar ƙaura, muna zama a kansa. Na jawo shi waje na ɗauko gatari. Maigidana ya fito ya tsaya yana kallona. Na zaci zai ce a jira Yaya, na shirya masa amsa. Sai ya karɓi gatarin ya faskara turmin da kansa. Wannan kaɗai ne abin kirkin da na riƙe masa a duk shekarar.

Ƙirya ta kama, ta yi garwashi irin na da. Muka kwantar da Inna kusa da murhu. Can zuwa hantsi jikinta ya saki, ta miƙe ƙafafu sosai, abin da ta yi watanni ba ta yi ba in ban da a bukka. Ta buɗe ido ta ce yau ta ji ƙafafunta.

Da Yaya ya dawo ya ji labari, ya tafi da keke ya ɗauko wani mai allura. Wannan kam ya yi. Ya tsaya daga nesa har aka gama, sannan ya ce wa matarsa da zarar ta ji sauƙi a mayar da ita ɗaki, masu dubiya za su fara zuwa. Gawayi yana nan a ɗakinsa, bakin buhu a ɗaure. Ba wanda ya roƙa, shi kuma bai tuna ba.

'Yan kwanaki ta yi a madafin. Muna tattalin turmin nan guntu-guntu, a kansa muke girki, a kansa take jin ɗumi. Kazarta ta gane wurin ta dawo da 'ya'yanta, ba wanda ya kore ta. Inna tana shan kunu cokali biyu uku, tana kallonmu muna tankaɗe, wani lokaci ta gyara mini yawan kanwa a miya da 'yar murya. Ranar da za ta tafi ma sai da ta sha kunun. Rana ta ɗan ɗaga, facalata tana wanke-wanke, ni ina gyara wuta, na juyo na ga ta yi shiru. Na kira ta, na sake kira. Maigidana ya shigo ya rufe mata ido.

Aka aika wa Yaya wurin aiki. Ya iso ba hula, ban san inda ya yar da ita ba. Ya durƙusa a ƙofar madafi kamar yadda ya saba durƙusawa a ƙofar ɗakinta, ya yi kuka, kuka na gaskiya. Wallahi har zuciyata ta fara sanyi a kansa. Sai ya share ido ya dubi wurin, baƙin hayaƙi a jinka, tukwane a kife, buhuna a jikin zana, kaza a gefen tabarma. Aka jiyo sallamar maza a zaure. Ya miƙe, ya ce wa ƙanensa ƙasa-ƙasa:

“A maishe ta ɗakinta kahin mutane su shigo.”

Muka ɗauke ta, ni da facalata, kamar yadda muka kawo ta. Gefen jikinta da ke wajen murhu da sauran ɗumi, ina jinsa a hannuna har muka tsallaka tsakar gida. A ɗakin kwano aka yi mata wanka da sutura, daga nan aka fita da ita.

Da maza suka tafi maƙabarta, mata suka cika ɗakin don gaisuwa. Ni na shimfiɗa musu tabarmi a kan siminti. Kowace ta zauna sai ta yi addu'a, ta ɗaga kai ta dubi kwano, ta shafa ƙarfen gado, ta ce Inna ta yi sa'ar ɗa, ta cika a ɗaki irin wanda matan hakimai ma ba su samu ba, Allah ya ba mu masu yi mana haka. Ina zaune a bakin ƙofa ina amsa amin. Ba a jima ba na ga an fara jan mayafi ana rufe ƙafa. Gwaggon nan ta Bakura ce ta fara tashi, wai za ta duba ko an ɗora ruwa. Wata ta bi ta da buta. Wata ta ce bari ta kama wa facalata aiki. Kafin maza su dawo ba kowa a ɗakin sai ni, duk suna madafi sun kewaye murhu, suna miƙa hannu a kan guntun turmin da ya rage.